Kalmomin Umarni a Tambayoyin Jarrabawa: Sanin Abin da Ake Nema Kafin a Ɗora Alƙalami

Gabatarwa

Kowace shekara ɗalibai masu yawa sukan fito daga ɗakin jarrabawar kimiyyar halittu cikin murna, suna cewa duk abin da aka tambaya sun san shi, kuma sun cika takardunsu fal da rubutu. Idan sakamako ya fito sai murna ta koma ciki, a shiga neman wanda za a ɗora wa laifi. Amma duk malamin da ya daɗe yana duba takardun ɗalibai ya san wata ɓaraka da makin yara ke zurarewa ta cikinta, wadda ba kasafai ake maganarta ba. Ɗalibi ya san darasi sarai, sai dai ya amsa tambayar da ba ita aka yi masa ba. An ce ya kawo dalili, ya kawo siffa. An ce ya bambanta abu biyu, ya ba da labarin kowanne shi kaɗai. Misalinsa kamar yaron da aka aika sayen gishiri ne ya komo da kanwa: duka biyun kayan miya ne, amma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Wanda yake son karatun likita, ko haɗa magunguna, ko jinya a jami'a, dole ne ya sami kiredit a kimiyyar halittu, kuma maki kaɗan ne tsakanin wanda ya samu da wanda ya rasa. Manufar wannan darasi ita ce a nuna wa ɗalibi da malaminsa ma'anar kalmomin da ake buɗe tambaya da su, da irin amsar da kowace take bukata. Da yake da Ingilishi hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, da hukumar NECO, wadda aka kafa a 1999, suke shirya tambayoyin kimiyya, za a kawo kalmomin yadda ɗalibi zai tarar da su a takarda, sannan a yi bayaninsu da Hausa. Za mu ɗauki yawancin misalanmu daga batu guda da kowa ya sani, wato zazzaɓin cizon sauro, domin mai karatu ya ga yadda ilimi ɗaya yake haifar da amsoshi daban-daban gwargwadon kalmar da aka tambaye shi da ita.

Sassan Tambaya

Kowace tambaya tana da sassa uku. Akwai kalmar umarni, wadda take faɗin aikin da za a yi. Akwai batu, wato abin da za a yi aikin a kansa. Sai kuma iyaka, wadda take ƙayyade yawan abin da ake so ko ɓangaren batun da za a tsaya a kai. Alal misali, a dubi wannan tambaya: "Kawo hanyoyi uku na yaƙi da sauro tun yana tsutsa." Kalmar umarni ita ce "kawo". Batun shi ne yaƙi da sauro. Iyakar kuwa biyu ce: hanyoyi uku ake so, kuma waɗanda suka shafi tsutsa kaɗai. Ɗalibin da ya rubuta cike kududdufai, da zuba mai a saman ruwa domin tsutsar ta kasa numfashi, da sakin kifin da ke cin tsutsar, ya gama aikinsa. Wanda ya rubuta kwana cikin gidan sauro gaskiya ya faɗa, amma ya tsallake iyaka, domin gidan sauro babban sauro yake tarewa. Saboda haka ba shi da maki a wannan layi.

Bayan waɗannan uku akwai wata alama ta huɗu, wato makin da aka rubuta a gefen tambaya. Mai duba takarda yana aiki ne da jadawalin da aka ba shi, inda aka raba maki bisa muhimman bayanan da ake sa ran gani. Tambaya mai maki 2 ba ta bukatar shafi guda, haka nan mai maki 8 ba za ta gamsu da layi biyu ba.

Dalilin Bambancin Kalmomin

Wani zai iya tambaya, me ya sa masu shirya jarrabawa ba za su tsaya a kan kalma ɗaya ba, su huta su hutar? Dalili kuwa shi ne sani hawa-hawa ne, kuma kowace kalma matakin da take aunawa daban. A shekarar 1956 wani masanin ilimi na Jami'ar Shikago a Amurka, Benjamin Bloom, tare da abokan aikinsa, sun fitar da wani tsari da ya kasa manufofin koyo zuwa matakai shida: sani, da fahimta, da aiki da abin da aka sani, da ƙwanƙwancewa, da haɗa sassa a fitar da sabon abu, da auna daraja. An yi wa tsarin kwaskwarima a 2001, kuma har yau ana koyar da shi a kwalejojin horar da malamai. Kalmomin umarni su ne alamomin waɗannan matakai a kan takardar tambaya.

Tarihin kimiyya shi kansa ya nuna cewa waɗannan matakai ba ƙirƙirar malaman makaranta ba ne. Mutanen dā a ƙasar Italiya sun lura cewa zazzaɓi ya fi kama mazauna kusa da fadamu, kuma yana zuwa yana komawa a kan kwanaki sanannu. Wannan siffantawa ce, kuma daidai take. Da suka zo faɗin dalili sai suka ce mugunyar iskar da ke tashi daga fadama ce take jawo ciwon, har ma sunan da Turawa ke kiran cutar da shi, wato maleriya, daga kalmomin Italiyanci masu ma'anar mugunyar iska ya samo asali. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Alphonse Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jinin majiyyaci a Aljeriya. A 1897 kuma Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya gano ƙwayar a cikin sauron da ya sha jinin mai ciwon. Ashe ɗan Adam ya shafe ɗaruruwan shekaru yana siffanta cutar daidai alhali bai san dalilinta ba. To, wannan rata da ke tsakanin faɗin yadda abu yake da faɗin abin da ya sa yake haka, ita ce ratar da ke tsakanin kalmomin nan biyu da suka fi kayar da ɗalibai, wato "describe" da "explain".

Rukuni na Farko: Kalmomin Tunowa

Kalmomin "name", "list", "mention" da "state" suna neman ɗalibi ya tuno abin da ya sani ya faɗe shi a taƙaice. Idan an ce "name", suna kawai ake so. Da za a tambayi sunan ƙwayar da ke jawo zazzaɓin cizon sauro, amsar kalma ɗaya ce, Filasmodiyam, wadda a takardar jarrabawa ake rubutawa Plasmodium, da babban baƙi a farko, a kuma ja mata layi a ƙasa kamar yadda ƙa'idar rubuta sunayen kimiyya da hannu ta tanada. A irin wannan amsa kuskuren harafi ɗaya yana iya cinye makin. "List" jeri take nema, kowane abu a layinsa, ba tare da sharhi ba. "State" kuwa takan bukaci gajeriyar jimla cikakkiya mai ɗauke da magana guda.

Idan aka ce uku, a kawo uku. Ɗalibin da ya jero bakwai da fatan mai duba takarda zai tsince masu kyau ya ɓata lokacinsa, kuma yana iya yiwuwa na farko-farkon kaɗai za a duba.

Kalmar "define" ita ma a nan take, amma tana da tsauri nata. Ma'ana take nema, wadda ta tattara duk abin da ya kamata ya shiga, ta kuma fitar da duk abin da ba ya ciki. Misali ba ma'ana ba ne. Idan an ce a ba da ma'anar mai jigilar cuta, wanda ya ce "kamar sauro" misali ya kawo. Ma'anar ita ce: halitta mai rai da ke ɗaukar ƙwayar cuta daga jikin wani ta kai jikin wani. Haka nan a ma'anar osmosis akwai ginshiƙai uku da ba ta tsayuwa sai da su: ruwa ne ke tafiya, yana tafiya daga gauraye mai tsarma zuwa gauraye mai kauri, kuma ta cikin tantanin da ke barin wasu abubuwa su wuce ya hana wasu. In aka bar tantani, ma'anar ta rushe, ko da sauran jimlar ta yi daɗin ji.

Rukuni na Biyu: Kalmomin Siffantawa

"Describe" tana nufin siffanta. Tambayar da take amsawa ita ce: yaya abin yake, ko me ya faru, kuma wanne ya riga wanne? Idan aka ce a siffanta zagayen rayuwar ƙwayar Filasmodiyam, ana so ne a bi ta daki-daki. Macen sauron Anofilis mai ɗauke da ƙwayar takan ciji mutum ta zuba masa ita tare da yawunta. Ƙwayar ta bi jini zuwa hanta, ta yi kimanin mako guda tana hayayyafa a can. Daga hanta ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, ta ci gaba da hayayyafa har su fashe, sababbin da suka fito su shiga wasu. Wasu daga cikinsu su rikiɗe zuwa maza da mata, waɗanda wani sauron zai zuƙa idan ya ciji mutumin. A cikin sauron su haɗu, su yi kwana 10 ko fiye suna girma, sannan su taru a wurin da yawunsa ke fitowa, suna jiran cizo na gaba. A nan jeri shi ne ran amsa. Wanda ya kai ƙwayar cikin jajayen ƙwayoyin jini kafin hanta ya ɓata siffar. Idan kalmar "outline" ce, hanya ɗaya za a bi, sai dai manyan matakai kawai za a taɓo.

"Draw" da "label" siffantawa ce da zane, kuma suna da dokokinsu. Ana zane da fensir mai tsini, da layi guda mai tsabta, ba tare da shafe-shafen inuwa ba. Ana jan layukan suna da rula, kada su gicciye juna, kuma bakin kowane layi ya taɓa ainihin sashen da yake nunawa. Zane yana bukatar take. A jarrabawar aiki da hannu ana zana abin da ke kan tebur ne, ba wanda aka haddace daga littafi ba, kuma ana nuna ninkin girma, wanda ake samu ta raba tsawon zane da tsawon abin da aka zana. Ƙwayar wake mai tsawon santimita 1 da aka zana ta kai santimita 8 an ninka ta sau 8 ke nan, sai a rubuta x8 a ƙasan zanen. Idan kuma aka ga kalmar "annotate", to bayan sunan kowane sashe sai a ƙara ɗan gajeren bayani kan aikinsa.

Rukuni na Uku: Kalmomin Dalili

"Explain" tana nufin fayyace dalili ko fayyace yadda wani abu yake haifar da wani. Amsarta sarƙa ce, kowane zobe riƙe da na gabansa, kuma kalmomin da ke ƙulla zobban su ne irin "saboda", "don haka", "wannan ya sa". Hanya mafi sauƙi da ɗalibi zai gwada amsarsa ita ce ya nemi waɗannan kalmomi a ciki. In babu ko ɗaya, da alama siffantawa ya yi.

A ɗauka an ba ɗalibi giraf mai nuna yawan masu zazzaɓi da aka gani a wani asibiti wata-wata. In an ce ya siffanta giraf ɗin, zai ce adadin yana ƙasa a watannin rani, ya fara hawa bayan saukar damina, ya kai ƙololuwa wajen ƙarshenta, sannan ya sauka da shigowar hunturu, yana kawo alƙaluman da ya karanto daga giraf ɗin. Ba zai ambaci sauro ba ko sau ɗaya, domin giraf bai nuna sauro ba. In kuwa an ce ya fayyace dalili, sai ya ce ruwan sama yana barin kududdufai, waɗanda a cikinsu sauro ke yin ƙwai, don haka yawansa yana ƙaruwa. Danshin iska kuma yana sa sauro ya daɗe a raye, kuma da yake ƙwayar cutar tana bukatar kwana 10 ko fiye a jikinsa kafin ta iya kama wani, tsawon ran sauro yana ƙara yawan masu iya yaɗa ta. Wannan ya sa cizo mai cutarwa yake yawaita, masu ciwo su ƙaru. Giraf ɗaya ne, amma amsoshin biyu kusan ba su haɗa jimla ɗaya ba.

Haka abin yake idan aka tambayi dalilin da ya sa yaron da ke yawan zazzaɓi yake ɗashewa. "Saboda ba shi da jini" rabin zobe ne kawai. Cikakkiyar sarƙar ita ce: ƙwayar cutar tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, don haka yawansu yana raguwa, tare da sinadarin himogulobin da ke ba jini launinsa yake kuma ɗaukar iskar oksijin, saboda haka tafin hannu da cikin fatar ido suke yin fari, jiki kuma ya yi rauni.

A lura da "account for". Ɗalibai da yawa sukan zaci lissafi ake nufi, alhali ma'anarta ɗaya da "explain". Ita kuwa "suggest" takan zo ne a inda ba a koya wa ɗalibi amsar kai tsaye ba, ana so ya yi amfani da abin da ya sani ya kawo dalilin da hankali zai karɓa. Bai kamata ya tsorata don bai taɓa ganin tambayar a littafi ba, domin da gangan aka yi haka.

"Calculate" da "determine" suna neman lissafi, kuma hanya tana da makinta daban da na amsa. Idan aka ce a lissafa yiwuwar haihuwar mai ciwon sikila tsakanin miji AS da mata AS, sai a nuna ƙwayoyin gadon da kowanne zai bayar, A ko S, a haɗa su a jadawali, a fitar da AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Amsa ita ce 1 cikin 4, wato kashi 25 cikin 100, a kowane ciki. Wanda ya rubuta 25 tsurarta, babu hanya babu alamar kashi, ya bar maki a ƙasa.

Rukuni na Huɗu: Kalmomin Gwama Abu Biyu

"Distinguish", "differentiate" da "contrast" bambanci kaɗai suke nema. "Compare" a bisa asalinta tana neman kamanci da bambanci duka biyu, sai fa in tambayar ta ƙayyade ɗaya. Babbar dokar wannan rukuni ita ce a auna abu biyun da ma'auni ɗaya a lokaci ɗaya. Mai sayen hatsi ba ya auna gero da mudu, dawa da tiya, sannan ya ce ga wanda ya fi yawa. Idan aka ce a bambanta sauron Anofilis da na Kyuleks, ga yadda amsa za ta kasance:

Ƙwai: Anofilis tana yin su ɗai-ɗai a kan ruwa, Kyuleks tana yin su manne da juna a dunƙule.
Tsutsa: ta Anofilis tana kwanciya a miƙe daf da saman ruwa, ta Kyuleks tana rataye, kai ƙasa.
Zaman babba: Anofilis tana ɗaga bayanta sama idan ta sauka a bango, Kyuleks tana daidaita jikinta da bangon.

Kowane layi ma'auni ɗaya ne da fuska biyu. Wanda ya sa maganar ƙwai a hagu, maganar tsutsa a dama, bai kawo bambanci ba, ko da maganganun biyu gaskiya ne. Idan tambayar ta ce "in a tabular form", jadawali ya zama wajibi, da sunan kowane abu a kan ginshiƙinsa. Da "compare" aka ce, sai a ƙara da kamanci: dukansu suna bin matakai huɗu daga ƙwai zuwa babba, matakai ukun farko a ruwa suke, kuma mata ne kaɗai ke shan jini.

Rukuni na Biyar: Kalmomin Auna Magana

"Discuss", "assess" da "evaluate" su ne a saman tsani, kuma ɗalibi zai fi haɗuwa da su a aikin gida, da manyan azuzuwa, da jami'a. Suna neman a dubi batu ta fuska fiye da ɗaya, a kafa kowace fuska da hujja. "Assess" da "evaluate" suna ƙarawa da neman hukunci a ƙarshe. Zuba duk abin da aka sani a kan batu ba tattaunawa ba ce.

A ɗauka an ce a auna amfanin feshin magani a bangon ɗaki wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. A fuska ta farko ɗalibi zai ce sauron da ya sha jini yakan sauka a bango ya huta, maganin ya kashe shi kafin ƙwayar cutar ta gama girma a jikinsa. A fuska ta biyu zai ce feshi yana da tsada, sai an maimaita shi, kuma sauro yakan gaji juriya ga maganin. Sannan ya kawo hujja, kuma muna da ita a gida. Tsakanin 1969 da 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani babban bincike a ƙauyukan gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yanzu kuma a Jihar Jigawa. An yi feshi a gidaje, a wasu ƙauyukan kuma aka haɗa da raba magani ga jama'a. Cutar ta ragu, musamman inda aka haɗa hanyoyin biyu, amma ba a iya katse yaɗuwarta ba, kuma ta komo bayan an daina aikin. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wani kaso na sauron a waje yake hutawa, inda feshin bai kai ba. Daga nan ɗalibi zai yanke hukunci cewa feshi yana da amfani amma shi kaɗai bai isa ba a wuri irin wannan, sai an haɗa shi da gidan sauro, da magani a kan kari, da allurar riga-kafi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da nau'inta na farko a 2021, na biyu a 2023. Hukuncin ya fito ne daga hujjojin da suka gabace shi, kuma abin da mai duba takarda ke nema ke nan.

Jan Hankali ga Malamai

Wani ɓangare na matsalar daga aji yake farawa. Malami yakan koma Hausa domin yara su gane, kuma wannan abu ne mai kyau. Sai dai sau da yawa "describe", "explain" da "discuss" duk akan mayar da su "yi bayani", sai yaro ya tashi da zaton abu ɗaya ne mai suna uku. Hausa ba ta rasa kalmomin raba su ba: siffanta, fayyace dalili, tattauna. Akwai kuma tarko a kalmar "kwatanta", domin tana da fuska biyu. Wanda ya ce a kwatanta masa gidan wane siffa da hanya yake nema, wanda kuma ya ce a kwatanta doki da jaki gwamawa yake nema. Ya kamata malami ya tsai da kalmar Hausa guda ga kowace kalmar umarni tun farkon zango, ya rubuta su a gefen allo, ya kuma tsaya a kansu.

Bugu da ƙari, ya kyautu malami ya kula da tambayoyin da shi kansa yake shiryawa. In ya rubuta "explain" alhali jeri yake so, kuma ya ba wanda ya jero cikakken maki, to ya koya wa yaro cewa kalmar ado ce, kuma yaron zai tafi da wannan fahimta har ɗakin babbar jarrabawa. Haka kuma idan yana duba aiki, maimakon jan layi ja kawai, ya rubuta a gefe: "Ka siffanta, ina dalili?" Hukumar WAEC tana fitar da rahoton manyan masu duba takardu kan kowane darasi, inda ake nuna wuraren da ɗalibai suka yi rauni. Ya kamata kowane malamin kimiyya ya neme shi ya karanta tare da ɗalibansa.

Aikin Gwaji

Ga tambayoyi biyar a kan batu guda, wato shuka wake a tsakanin gero. Kafin ka amsa kowace, ja layi a ƙarƙashin kalmar umarni, ka kewaye iyaka, sannan ka faɗa wa kanka irin siffar da amsar za ta ɗauka: kalma ce, ko jeri, ko sarƙar dalili, ko jadawali, ko hukunci.

1. Faɗi sunan bakteriyar da ke zaune a ƙululun saiwar wake.
2. Siffanta saiwar wake kamar yadda ka gan ta bayan ka tuge ta ka wanke.
3. Fayyace dalilin da ya sa gonar da aka noma wake a cikinta takan ƙara albarka ga hatsin da ya biyo baya.
4. A cikin jadawali, kawo bambanci uku tsakanin tsiron wake da tsiron gero.
5. Auna amfanin haɗa wake da gero a gona ɗaya ga ƙaramin manomi.

Idan ka gama, ka ba abokinka amsoshin ba tare da tambayoyin ba, ka ce ya cinko kalmar umarnin kowace. Amsar da ya kasa gane kalmarta tana bukatar a sake ta.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kalmar umarni ita ce ke faɗin matakin sanin da ake aunawa da siffar da amsa za ta ɗauka: tunowa, ko siffantawa, ko fayyace dalili, ko gwamawa, ko auna magana. Karanta tambaya sau biyu da jan layi a ƙarƙashin kalmarta ba ya cin fiye da minti ɗaya, kuma Hausawa sun ce gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido. Amfanin wannan ɗabi'a kuwa bai tsaya a jarrabawa ba. Likitan da ke gaban majiyyaci dole ne ya raba abin da ya gani da abin da yake zaton shi ne dalili, haka ma malamin gona a gaban amfanin da ya yi rawaya. Ɗalibin da ya saba tun daga sakandare da tambayar kansa "siffa ake nema ko dalili?" ya riga ya fara koyon aikin da zai yi gobe.